Tarihin Tasha Mai Lamba 3270: Daga Masana'antar Kingston Zuwa Cikin QEMU

A tsakiyar shekarun 1960, wanda yake son kwamfuta ta yi masa aiki ba ya zama a gabanta. Kati ake huda masa. Katin IBM ne mai ginshiƙi 80, wanda kamfanin ya fito da shi tun 1928, kowane ginshiƙi na ɗaukar harafi ɗaya. Mai rubuta manhaja zai rubuta abinsa a takarda, a kai wa masu huda kati, a jera katunan cikin akwati, a miƙa su ta taga ga masu kula da injin, shi kuma ya koma ya jira. Sau da yawa sai washegari sakamako yake fitowa a doguwar takarda, kuma idan waƙafi ɗaya ya ɓace a hanya, an koma gidan jiya ke nan.

Cikin wannan hali IBM ta sanar da System/360 ranar 7 ga Afrilu 1964. Kamfanin, ƙarƙashin Thomas Watson ƙarami, ya zuba kusan dala biliyan 5 a aikin, kuma injiniyoyi irin su Gene Amdahl da Fred Brooks da Gerrit Blaauw ne suka tsara ginin injin. Abin da aka sayar wa bankuna da kamfanonin inshora da hukumomin gwamnati ya wuce ƙarfe. An yi musu alkawari cewa manhajar da suka rubuta wa ƙaramin inji za ta yi aiki a kan babba, wadda suka rubuta bana kuma za ta yi aiki a kan injin da za su saya bayan shekaru. Duk abin da zai biyo baya a wannan labari daga alkawarin nan ya tsiro, domin wanda ya ce tsohuwar manhaja ba za ta mutu ba ya ɗauki nauyin raya duk na'urar da manhajar ta saba magana da ita.

Akwai wani tsari na waɗannan manyan kwamfutoci da sai an fahimce shi kafin a gane sauran. Ƙwaƙwalwar injin ba ta magana da na'urorin waje kai tsaye. Akwai wata ƙaramar na'ura ta daban, kafar shige da fice, wadda aikinta ke nan. Ƙwaƙwalwa za ta jera umarni a ma'ajiya, kowane umarni bayit 8, wanda ma'aikatan fannin ke kira CCW: rubuta wannan, karanto wancan, ga inda za ka ajiye, ga yawansa. Sai ta ce wa kafa ta fara, ita kuma ta juya ga wani lissafin. Kafa ba za ta katse ta ba sai ta gama. Manufar ita ce a kiyaye lokacin ƙwaƙwalwa, domin a wancan zamani lokacinta ya fi komai tsada a ɗakin.

Da aka fara son ma'aikacin banki ko mai sayar da tikitin jirgi ya tambayi kwamfuta ya sami amsa nan take, sai buƙatar allo da madannai ta taso. IBM ta fara da 2260 a 1964, wadda mafi girmanta ke nuna layi 12 na haruffa 80. A 1971 ta sanar da magajiyarta, 3270, wadda aka tsara a cibiyar kamfanin da ke Kingston a jihar New York. Ba na'ura ɗaya ba ce, iyali ne. Akwai tashar da mutum ke zama a gabanta, 3277, mai koren rubutu a kan baƙin allo. Akwai akwatin sarrafawa da tashoshi da yawa ke haɗuwa a kansa ta wayar kowaks: 3272 idan kusa da injin ake, 3271 idan ta layin tarho za a bi. Ƙaramin samfurin 3277 yana nuna layi 12 na haruffa 40. Babban yana nuna layi 24 na haruffa 80, wato haruffa 1,920, kuma faɗinsa daidai yake da faɗin katin nan na 1928.

Hikimar 3270 tana cikin yadda take riƙe bakinta. Tashoshin da suka yi suna a duniyar Unix, irin su VT100 ta kamfanin DEC da ta fito a 1978, duk harafin da aka danna nan take suke aika shi, kwamfuta ta karɓa, ta mayar da shi allo. Mutum dubu na bugawa, katsewa dubbai a kowane daƙiƙa. Ita 3270 ba haka take ba. Kamar magatakardan da ya miƙa maka fom ne ya ce je ka cike ka dawo, maimakon ya tsaya kana yi masa shifta harafi bayan harafi. Injin zai aiko da shafi guda cikakke. A cikin shafin akwai wasu bayit na musamman da ba a ganinsu, kowanne yana buɗe gurbi yana faɗin halinsa: wannan gurbin a kulle yake, karantawa kawai, wannan a buɗe yake, a rubuta, wannan lambobi yake karɓa, wannan a haskaka shi, wannan kuma kada a nuna abin da aka buga, domin kalmar sirri ce. Ma'aikaci zai yi ta bugawa, yana gyarawa, yana tsallakawa daga gurbi zuwa gurbi, duk babbar kwamfuta ba ta san ana yi ba. Sai ya danna Enter, ko Clear, ko ɗaya daga maɓallan PF da PA, sannan tasha ta ɗaga hannu.

Ko a nan ma ba ta kwashe shafin duka ta aika. Kowane gurbi yana da wata alama da ke tashi da zarar an taɓa shi, saboda haka idan injin ya ba da umarnin karanto abin da ya canza, abin da zai samu shi ne lambar maɓallin da aka danna, da inda manuni yake, da guraben da aka taɓa kawai. A kan layin tarho mai tafiyar hawainiya, wannan tattali shi ne bambancin aiki da zaman jira. Ni a ganina wannan na daga cikin tsare-tsare mafi tsafta da aka taɓa yi a harkar kwamfuta, kuma duk wanda ya taɓa cike fom a intanet ya danna maɓallin aikawa ya bi sawun tunanin nan ko bai sani ba.

Da wannan tasha da manhajar CICS, wadda ta fito a ƙarshen shekarun 1960 kuma aka mayar da renonta cibiyar Hursley ta Ingila a 1974, aka gina ayyukan kanta na bankuna da inshora da ofisoshin haraji a ƙasashe da dama. Iyalin ya yi ta yaɗuwa. A 1977 aka sami 3278 da akwatin 3274, da samfura masu layi 32 da 43, daga baya da mai layi 27 na haruffa 132. A 1979 Hursley ta fito da 3279 mai launi. A ƙasan allon waɗannan akwai layin da ma'aikaci ke kallo ya san halin da ake ciki, kuma tsofaffin ma'aikata ba sa manta alamar X SYSTEM, wadda ke nufin madannai a kulle suke har injin ya amsa.

IBM ta rubuta harshen da tasha da inji ke yi da juna, umarni bayan umarni, bayit bayan bayit, a littattafan da kowa zai iya saya. Mafi shahara shi ne mai lamba GA23-0059. Wannan rubutu ya ba kamfanoni irin su Memorex da Telex damar ƙera tashoshin da suka yi gogayya da na IBM a kasuwa. Ya kuma yi wani abu mai nisa fiye da haka: ya raba 3270 da jikinta. Tun daga lokacin, duk abin da ya iya wannan harshe 3270 ne a wurin injin, ko ƙarfe ne ko ba ƙarfe ba.

A gefe guda kuma wani tarihin yana tafiya. A cibiyar binciken IBM da ke Cambridge ta jihar Massachusetts, Robert Creasy da Les Comeau da abokan aikinsu sun gina CP-40, wadda ta fara aiki a 1967. Manhaja ce da ke ɗaukar inji ɗaya ta raba shi zuwa injunan kwaikwayo har 14, kowane mai amfani yana ganin kamar System/360 guda aka ba shi. CP-67 ta biyo baya, sannan VM/370 a watan Agustan 1972. A irin wannan tsari akwai mai masauki da baƙo: manhajar da ke riƙe da ƙarfen gaske ita ce mai masauki, wadda ke zaune cikin injin kwaikwayo kuma baƙuwa. Baƙo yana buƙatar na'urori, sai mai masauki ya ƙirƙira masa na'urar karanta kati da ta huda kati da ta buga takarda, duk na kwaikwayo, ya kuma ba shi tasha. Ga dubban masu amfani da VM, 3270 ce fuskar injin, da kalmomin nan na kusurwar dama ta ƙasa, RUNNING da MORE da HOLDING, da editan XEDIT da ya zo a 1980. Saboda haka injin kwaikwayo da wannan tasha sa'o'in juna ne, tare suka girma.

Ƙarfen ya fara ja da baya ne a farkon shekarun 1980, lokacin da ƙaramar kwamfuta ta hau teburin ofis. Ba wanda yake son allo biyu a tebur ɗaya. Katin IRMA, da ake cusawa cikin PC a ɗaura masa wayar kowaks, ya mayar da ƙaramar kwamfuta tasha, IBM ma ta fito da nata 3270 PC a 1983. Amma babban sauyi daga jami'o'i ya zo. A Berkeley, Greg Minshall ya rubuta tn3270, wadda ta shiga cikin Unix ɗin Berkeley a tsakiyar shekarun 1980. Dabarar ita ce a ɗora harshen 3270 a kan Telnet, a bi da shi ta hanyar sadarwar TCP/IP, ba kowaks ba akwatin sarrafawa.

A nan akwai abin da ya kamata a tsaya a kansa. Ba wata hukuma ce ta zauna ta tsara tn3270 ba. Al'ada ce ta kafu: wani ya yi, wani ya duba ya kwaikwaya, har aka wayi gari kamfanoni da jami'o'i barkatai suna amfani da ita ba tare da rubutacciyar ƙa'ida ba. A 1988 an gabatar da wata shawara ta hukuma cikin jerin takardun ƙa'idojin intanet, RFC 1041, amma mutane ba su bi ta ba, suka ci gaba da abin da suka saba. Sai a Janairun 1994 aka fitar da RFC 1576, wadda ba ta kawo sabon abu ko ɗaya ba. Aikinta kawai ta bayyana abin da ake yi a zahiri. Ɓangarorin biyu za su fara da tambayar nau'in tasha, tasha ta amsa da suna irin IBM-3278-2. Za su yarda a aika bayanai ɗanye ba tare da an taɓa su ba, domin haruffan babbar kwamfuta da tsarin EBCDIC ake rubuta su, ba ASCII ba. Za su kuma yarda da alamar ƙarshen saƙo, bayit 255 sannan 239, domin tashar da ke magana shafi-shafi dole a san inda shafinta ya ƙare. Daga baya aka faɗaɗa tsarin zuwa TN3270E, wanda RFC 2355 ta 1998 ta kammala. Ina ganin wanda ya zauna ya rubuta al'adar da kowa ke ganin ya riga ya sani ya yi hidimar da ba a cika gode mata ba. A daidai shekarun nan IBM tana cikin mawuyacin hali, har ta rufe cibiyar Kingston inda aka haifi tashar. Masu ƙera ta suka watse, bayaninta ya zauna.

Manhajar da ta gaji ƙarfen a duniyar manhajoji na kyauta ita ce x3270. Asalinta aikin Robert Viduya ne a Georgia Tech, Jeff Sparkes ya mayar da ita tsarin tagogi na X a Kanada, Paul Mattes kuma ya karɓi renonta tun 1993, ya yi ta kula da ita shekaru da dama.

A Disambar 1999 injiniyoyin IBM na Böblingen a Jamus suka fitar da gyare-gyaren da suka sa Linux ta hau babbar kwamfuta, bayan wani yunƙuri na daban da Linas Vepstas ya fara kafin su. A 2000 aka fito da injin z900 mai bit 64, wanda a duniyar Linux ake kiran gininsa s390x. Nan aka yi karo tsakanin ɗabi'u biyu. Linux jikar Unix ce, harafi-harafi ta saba ji, 3270 kuwa shafi-shafi take magana. Direban da aka rubuta, wanda Martin Schwidefsky ya sake ginawa a farkon shekarun 2000, ya sasanta su ta hanyar raba allo: sama wurin fitowar rubutu, ƙasa layin da ake buga umarni. Mai son tsayar da manhajar da ke gudana sai ya danna PA1. Editoci irin su vi, masu sauraron kowane dannawa, ba sa jin daɗin zama a nan, amma mutum zai shiga injinsa ya gyara abin da ya lalace ko da hanyar sadarwa ta yanke, wanda shi ne babban amfanin tasha.

A shekarar 1999 ɗin dai Roger Bowler ya fara Hercules, manhajar da ke kwaikwayon babbar kwamfuta ɗungurungum a kan PC. Masu sha'awar tarihi suka samu damar tayar da tsofaffin manhajojin IBM irin su MVS 3.8 da VM/370 na shekarun 1970 a ɗakunansu. Hercules ba ta zana allo da kanta. Ƙofa take buɗewa, bisa al'ada mai lamba 3270, ta jira manhaja irin x3270 ta shigo.

QEMU, wata manhajar kwaikwayon inji, ta zo daga wata hanya. Fabrice Bellard, ɗan Faransa, ya fara ta a 2003. KVM, ɓangaren da ke ba Linux damar zama mai masauki tare da QEMU, ta shiga Linux a 2007, a 2008 kuma ta iso s390, inda ta tarar da abin da ake nema a ajiye: umarnin SIE, wanda IBM ta gina cikin injunanta tun farkon shekarun 1980 domin gudanar da baƙi. Da farko na'urorin da QEMU ke ba baƙon s390x ba su bi tsarin kafa na gargajiya ba. A 2013 aka shigar da kafar shige da fice ta kwaikwayo tare da virtio-ccw, aikin da Cornelia Huck ta jagoranta, sai faifai da katin sadarwa suka fara bayyana ga baƙo a matsayin na'urorin da ake yi wa magana da CCW. Ta fuskar tasha kuwa, baƙo yana da wasu hanyoyi masu suna SCLP da virtio, kuma sun ishi Linux. Abin da babu shi ne tashar da mutanen babbar kwamfuta suka tashi da ita.

A 2017, cikin QEMU 2.10, injiniyoyin IBM suka cike wannan gurbi da na'ura mai suna x-terminal3270. Harafin x da ke gaban sunan alama ce a al'adar QEMU cewa abin na gwaji ne, ba a ɗauki alkawarin zai zauna yadda yake ba. Aikin na'urar kaɗan ne, kuma kyansa ke nan. Ba ta fassara shafi, ba ta san gurbi a kulle ko a buɗe ba. Idan baƙo ya tambaye ta ko ita wace ce, ta ce 3270. Idan ya aiko da umarnin rubutu ta kafa, ta kwashi bayanan ta liƙa musu alamar ƙarshen saƙo ta tura wa x3270. Idan mutum ya danna Enter a can, ta karɓi saƙon ta ajiye, ta ɗaga wa baƙo hannu, shi kuma ya aiko da umarnin karantawa. Gaisuwar da take yi da x3270 a farkon haɗuwa kuwa, masu rubuta ta sun ambata a cikin manhajar cewa daga RFC 1576 suka ɗauko ta. Bayanin da aka rubuta a 1994 game da al'adar shekarun 1980 shi ya ba injiniyan 2017 abin da zai dafa.

Sai dai na'urar ta yi kusan shekara uku ba ta da shafi a cikin littafin jagoran QEMU. Wanda ya san tana nan ya sani, wanda bai sani ba sai ya tona. A wannan tsakanin aikin QEMU yana sauya tsarin takardunsa gaba ɗaya zuwa wani tsari mai suna Sphinx, ana ba kowane nau'in inji babinsa. A 2020 Cornelia Huck, wadda a lokacin take kula da ɓangaren s390x, ta rubuta shafukan da suka bayyana kafar kwaikwayo da 3270, suka fito tare da QEMU 5.1.

Shafin 3270 gajere ne, ana karance shi cikin minti biyu. Yana faɗa wa mai karatu ya tabbatar an gina Linux ɗin baƙo da direban 3270. Sannan a wurin mai masauki ya buɗe ƙofar sadarwa mai jin tn3270, ya ɗaura mata na'urar, ya ba ta lamba irin fe.0.000a. Wannan fe ɗin lambar kafar kwaikwayo ce ta QEMU, baƙo kuwa zai ga na'urar a matsayin 0.0.000a, kuma wanda ba a gaya wa wannan ba zai iya ɓata yini yana neman na'urar da ke gabansa. A cikin baƙo sai ya kunna ta da umarnin chccwdev, domin na'urorin kafa a kashe suke zuwa har sai an ce su tashi. Sai ya haɗa x3270 da ƙofar, ya tayar da manhajar da ke tambayar suna da kalmar sirri a kan sabuwar tashar. Kowane mataki a nan gado ne daga wani zamani: kunna na'ura daga tsarin kafa, gaisuwa daga Telnet, tambayar suna daga Unix.

Ɓangaren da na fi girmamawa shi ne na ƙarshe, inda aka jera abin da na'urar ba ta iyawa. Tasha ɗaya tak ake iya ba baƙo, alhali akwatin 3274 na gaske yana ɗaukar har 32. Da Linux da x3270 kawai aka gwada ta, saboda haka mai niyyar kawo wata babbar manhaja ko wata manhajar tasha ya san ba a share masa hanya ba. Ba a ɓoye bayanan da ke bin layin, wanda ke nufin kalmar sirrin da gurbi ya ɓoye a allo a fili take tafiya a waya, kuma mai hankali ba zai buɗe wannan ƙofa ga duniya ba. Idan aka cire tasha aka dawo da wata mai girman allo daban, baƙo ba zai lura da canjin ba. Idan kuma layi ya yi nauyi har saƙo biyu suka iso a dunƙule, misali mutum ya gaji da jira ya danna Reset ya sake aikawa, na'urar ba ta iya raba su. Wannan na ƙarshe ya taɓa ainihin ɗabi'ar 3270, domin tun 1971 an gina ta ne a kan cewa bayan kowane saƙo madannai za su kulle har inji ya amsa, kuma na'urar QEMU ta dogara da wannan ladabi. Wanda zai gyara ɗaya daga cikin waɗannan gobe ya san daga inda zai fara, wanda kuma yake tunanin ɗora aikin banki a kanta ya san ba a yi ta domin haka ba. Shekaru bayan fitowar shafin, na'urar ta ci gaba da zama cikin QEMU da harafin x a gaban sunanta.